Zuwa ga Bashir, daga kan teburin fenti a Notingham

Notingham, Ingila
18 ga Janairu

Assalamu alaikum Malam Bashir, bawana Bazazzage.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da amarya da su Ummi. Ya sanyi, ya ɗalibai? Ni ma lafiya lau, sai kewar gida da ta masa da miyar taushe.

Ranar da muka yi waya ka ji na ce bari in wanke buroshi, ka kwashe da dariya kana tambaya ko na ajiye karatun ne na koma fentin gidajen Turawa. Kafin in kare kaina layi ya yanke. To ga bayani a rubuce, tunda a takarda ba ka da damar katse ni.

Fenti nake koyo, gaskiya ne, amma abin da nake fentawa bai wuce gaɓar babban yatsanka ba. 'Yan sojoji ne na roba, tsawon kowanne kamar milimita 28, da takubbansu da dawakansu. Ana jera su a kan faffaɗan tebur da aka yi wa tsaunuka da itatuwa na wasa, mutum biyu su ja daga. Da tef na awo ake auna tafiyar kowace runduna, inci kaza, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga wanda ya sari wani. Ba a sa ko kwabo, kada ka ce caca na shiga. Sai dai kafin a kai ga wasan, kowa shi zai haɗa sojojinsa ya fente su da hannunsa, kuma nan ne ni abin ya kama ni.

Ashe garin da Allah ya kawo ni shi ne Kantin Kwarin wannan harka. Babban kamfaninsu, Games Workshop, wasu abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975. A 1979 aka buɗe Citadel Miniatures a Newark, nan kusa da mu, don ƙera 'yan sojojin, wasan Warhammer ya fito a 1983, ƙaninsa Warhammer 40,000 ya biyo a 1987. Yanzu hedikwatarsu tana unguwar Lenton, daga jami'a da ƙafa ma ana zuwa. Waɗanda suka koyi aiki a can da yawa sun fita sun kafa nasu, irin su Warlord Games da Mantic da Perry Miniatures, duk a kewayen nan, har ana yi wa yankin laƙabi da yankin dalma, saboda da dalma ake zuba sojojin a da. Na yi shekara guda cur ina wucewa ta gefen wurin ban san me ake yi a ciki ba.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ja ni, Bature, tsohon direban bas da ya yi ritaya. A Nuwamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe 4 na yamma. Ka yi Magariba, ka duba agogo, ka ga sauran sa'o'i bakwai kafin barci, ba dandali, ba teburin mai shayi, kowa ya kulle ƙofa. Ina jin ya lura da yadda nake zama a bakin taga kamar marayan zabo. Wata Asabar ya kai ni Warhammer World, inda suke da zauren wasa da aka gina kamar tsakar gidan sarki na zamanin da, da ɗakunan baje koli cike da dubban sojoji a cikin gilashi. Na tsaya gaban wani ɗan mahayi na fi minti goma. An zana masa har tsagar leɓe. Na ce a raina, ni da na yi shanun laka da motar kara a Fagge, wannan ba zai gagare ni ba.

Ya kuwa gagare ni. Sojojin suna zuwa ne gunduwa-gunduwa a manne da wani firam na roba, hannu daban, kai daban. Sai ka yanko su, ka kankare layin da mazubi ya bari da bayan reza, ka haɗa da gam ɗin da ke narkar da robar ta haɗe. Daga nan a fesa fentin shimfiɗa, irin wanda masu fentin mota ke fara fesawa don na sama ya kama. Ni da gaggawata na fita bayan gida da sassafe, ga sanyi ga raɓa, na tsaya nesa na fesa. Fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, sojoji goma suka fito da ƙuraje kamar an barbaɗa musu garin kwaki. Ban daddara ba, na ɗebo fenti kai tsaye daga kwalba na lafta. Fuskar na farko ta ɓace ɗungurungum, ba ido ba hanci, kamar an tsoma shi a kunun gyaɗa. Da na kai wa dattijon sai da ya cire tabarau ya share hawaye don dariya. Ya jiƙa su a sifirit suka kwana, washegari muka goge da tsohon buroshin haƙori, muka koma farko.

Abin da ya fara koya mini shi ne ruwa. Fentin nasu na akirilik ne, da ruwa ake tsinka shi, kuma sai ya koma kamar madarar shanu kafin ya taɓa soja. Shafar farko za ta fito fatsi-fatsi, ranka ya ɓaci, ka ji kamar ka ƙara kauri. Kada ka ƙara. Ka bari ta bushe ka sake shafa ta biyu, wani lokaci ta uku, sai launin ya zauna sumul kuma ko maɓallin riga bai toshe ba. Don kada fentin ya bushe kana cikin aiki, ana shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, a ɗora takardar gashin burodi a kai, a zuba fentin a kanta. Nawa da robar da na sayo dabino na haɗa shi.

Buroshi ma na yi kuskure. Na je na sayi mafi ƙanƙanta, mai gashi kamar goma, ina ganin ƙaramin aiki sai ƙaramin makami. Ashe kafin ka kai shi daga fenti zuwa soja ya bushe. Mai lamba 1 ko 2 ake so, mai ciki da zai riƙe ruwa da tsini kamar allura. Masu kyan da gashin jelar wata dabbar Sibiriya mai kama da tunku ake yi, ban kai nan ba tukuna. Hannuna kuma rawa yake yi. Maganinsa shi ne ka manna sojan a kan murfin kwalba, ka kafa gwiwar hannu biyu a tebur, ka haɗa tushen tafukanka, ka riƙe numfashi. Idan hannayen za su yi rawa, su yi tare.

Amma wurin da nake so ka saurara da kyau shi ne maganar inuwa. Mutum na gaske idan ya tsaya a rana, ninkin rigarsa da ƙasan haɓarsa su suke yi wa kansu duhu. Abu mai tsawon gaɓar yatsa ba shi da zurfin da zai yi haka, don haka kai ne za ka zana masa hasken da inuwar, ka yi masa ƙaryar rana. Akwai wani fenti tsararo, ruwa-ruwa, baƙi ko ruwan ƙasa, da ake kwarara wa sojan ya gangara cikin lunguna ya kwanta. Ranar da na fara gwada shi a kan sulke na ga zobban sun fito ɗaya bayan ɗaya, wallahi sai da na yi salati. Sannan akwai kishiyarsa: ka ɗebi launi mai haske, ka goge buroshin a takarda har ka ga kamar ba saura, ka riƙa sharar sojan sama-sama, sai tudun kawai ya ɗauka. Tun da na koyi wannan idona ya lalace. Ranar Juma'a ina sahu na kama kaina ina kallon farar jallabiyar wanda ke gabana, ina lissafin cewa ai farin bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, saura toka-toka ne da shuɗi-shuɗi a cikin ninki. Allah ya yafe mini, rabin huɗubar ta wuce ni.

Ba sojojin sararin samaniya na zaɓa ba, ko da yake su suka fi farin jini a nan. Na ga akwatin Perry na Ansar ɗin Mahadin Sudan, na shekarun 1881 zuwa 1885, mutum 40 a ciki, na ce waɗannan ai kamar 'yan uwa ne. Ka tuna kakanka yana ba mu labarin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu? Da shi na riƙa tunawa ina zana facin ja da shuɗi a jibbarsu. Dattijon kuma rundunar Ingila yake da ita. Ran da muka fara jera su sai da na ji wani iri, ga ni ga Bature muna sake buga yaƙin da aka zubar da jinin mutane na gaske. Na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce ko mu yi musanyar runduna. Na ce a'a, bar ni da nawa, wannan karon mu za mu ci. Sau biyar muka buga, sau huɗu ya kore ni.

Fatar mutanen ce ta fi ba ni wuya. Yawancin darussan da na fara gani a YouTube na farar fata ne: a shimfiɗa launi, a ƙara fari don haske. Na bi wannan da ruwan ƙasa, sai mayaƙana suka fito furu-furu kamar yaran da suka yi wanka da hunturu ba su shafa mai ba. Daga ƙarshe na ɗora hannuna na hagu ƙarƙashin fitila na zauna ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba. Babu fari a jikinmu, Bashir. Inda haske ya sauka ja-ja ne, wajen ruwan goro, inuwar kuma tana ɗaukar shunayya. Na shimfiɗa makuba mai duhu, na riƙa ɗiga ja da ruwan lemo ina hawa da shi a goshi da karan hanci da ƙashin kumatu. Na goma sha bakwai da na gama, na ɗaga shi a haske, sai ga Ɗanlami mai faci na bakin tasha yana kallona. Idon kuwa na haƙura da shi. Bai kai ƙwayar riɗi ba, duk wanda na ɗiga wa sai ya zama kamar ya ga kura. Ɗan layin duhu nake ja, daga nesan tebur ba mai ganewa.

Na san tambayar da ke bakinka, don ni ma ta dame ni: hukuncin surar abu mai rai. Na tambayi wani malami a masallacinmu, ya ce malamai sun yi saɓani a kan abin wasa, ya kawo hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, ya kuma kawo hujjar masu tsanantawa, bai yanke mini ba. Abin da nake yi dai, ba na jera su a kan kanta don ado. Idan na gama sai su koma akwati, kuma ba sa kwana a inda nake salla. Zuciyata ba ta gama natsuwa ba. In ka je wajen Malam ka tambayar mini, amma kada ka ce ni ne.

Ga kuma dalilin da ya sa na daure na rubuta duk wannan. Ina so in yi ɗan lifidi. Na sayi doki da mahayi, akwai kuma wani danƙo mai kala biyu, rawaya da shuɗi, da ake murzawa har ya koma kore, a gina abin da ake so da shi kafin ya daskare cikin 'yan sa'o'i. Da shi nake lulluɓe dokin, ina tsaga layukan ɗinkin da tsinken sakace. Na yi sau biyu ina ɓarewa, domin na gane ban san lifidi ba. Shekara nawa muna kallon hawa, amma ka tambaye ni ta ina yake ɗaurewa a ƙirjin doki, ko ina yake tsayawa a ƙafa, ko yaya yake zama ƙarƙashin sirdi, sai in yi zuru. Hotunan intanet duk daga nesa ne, ga ƙura. Don Allah idan Sallah ta zo, ka je ƙofar fada tun kafin a hau, ka ɗauko mini 'yan lifidi kusa-kusa: gaba, gefe, baya, da kwalkwalin, da likkafa. Ka roƙi mai dokin, kada ka je ka sha harbi a ce ni na aike ka. Dokin akawal zan yi shi. Rawanin ɗan Kura na wanda zai biyo bayansa shi ne ban san yadda zan yi ba, wannan baƙin shuɗi mai walƙiyar jan ƙarfe. Na gwada haɗi huɗu, duk sun fito kamar leda. In da hali ka yanko mini ɗan ƙyalle ko kamar tafin hannu ne, ka ba wa duk mai tahowa.

Azumi kuma ga shi ya ƙarato, dole in bar wata mummunar ɗabi'a da na ɗauka wajen mutanen nan, ta lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Tsoma shi cikin kofin shayi a maimakon kofin ruwa kuwa, na yi ya fi sau biyar, sau biyu ma na sha kafin in lura.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a, rubutun digirin ya kai babi na huɗu. Kada ka gaya mata maganar sojoji. Ka shafa mini kan Ummi, ka ce na ajiye mata buroshi guda da kwalaben fenti uku.

Naka har kullum,
ubangidanka Bakano,
Nasiru