Kafin a yi mana tallar shinkafa mai aure, a fara gyara harkar iri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan shinkafa mai aure, wato shinkafar da ake samu idan an aura wani irin shinkafa da wani iri daban, wadda ake yawan ambata a duk lokacin da aka zo batun wadata ƙasa da abinci, amma ba a cika bayyana wa manoma abin da ke tattare da ita ba.

A ƙasar Sin aka fara cin nasarar wannan bincike. Masanin noma marigayi Yuan Longping, wanda ya rasu a 2021, ya soma aikin a 1964, kuma matsalar da ta tsaya masa ita ce shinkafa kanta take yi wa barbara, saboda haka haɗa iri biyu da hannu a gona mai faɗi ba abu ne mai yiwuwa ba. Sai a 1970 aka gano wata shinkafar daji a tsibirin Hainan wadda garin furenta ba ya haihuwa, daga gare ta aka samar da uwar da ake aura wa wani iri. Zuwa 1976 manoman Sin sun fara shuka ta sosai, amfanin da take bayarwa kuma ya zarce na shinkafar da aka saba da kusan kashi 20 cikin ɗari. A 2004 aka ba Yuan lambar yabo ta abinci ta duniya tare da Monty Jones na Saliyo, wanda ya samar da irin shinkafar nan NERICA ta hanyar haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya.

Sai dai abin da ba a faɗa mana shi ne wahalar fitar da irin. Ana dasa layukan uwa da na uba a gona ɗaya, a tsara ranakun shuka yadda za su fitar da fure a lokaci guda, domin saɓanin kwanaki kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Da hantsi, idan fure ya buɗe, mutum biyu sukan riƙe igiya su ja ta a kan shinkafar domin garin furen uba ya tashi ya sauka a kan uwa, sannan dole gonar ta yi nisa da sauran gonakin shinkafa. Bayan duk wannan, manomin da ya girbe ba zai iya ware iri daga amfaninsa ba kamar yadda muke yi da FARO 44, domin idan ya sake shukawa, wata za ta yi tsawo wata ta gajarce, wata ta nuna wata tana ɗanya. Kowace shekara sai ya koma kasuwa.

Nan ne fargabata take. Shekarar da ta wuce na sayi iri a wurin wani dillali, a cikin buhu mai tambari da rubutu, na dasa a noman rani, amma da ta fara fitar da kai sai na ga kala uku a fili ɗaya, har maƙwabcina yana tambayata ko da gangan na gauraya. Idan irin da mutum zai iya ajiyewa ana yi mana haka da shi, ina ga wanda dole a saya duk shekara da tsada?

Saboda haka ina kira ga hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da su sa a riƙa fitar da irin a gida, a wuraren da ke da ruwan rani kamar Kadawa da Bakolori, a koya wa matasanmu aikin, a kuma riƙa bin shagunan dillalai ana buɗe buhu ana dubawa kafin lokacin dashe.

Wassalam.

Wani manomi daga Kura, Jihar Kano