Na bar aiki na koma noman shinkafa, ruwa ya tafi da komai

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan wannan fili. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni a da malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi anan Kano, shekara bakwai, albashin kuwa kafin ashirin ga wata mun fara cin bashi wajen mai kanti. A farkon 2022 wani abokina ɗan Auyo yace in zo mu yi noman shinkafa a fadamarsu, nayi istihara har sau uku, raina ya kwanta sosai, na ajiye aikin. Na sayar da babur ɗina, maiɗakina ta ɗauko sarƙa da ɗan kunnen gwal da mahaifiyarta ta bar mata ta miƙo min da hannunta ban ma roƙa ba, muka kama hayar gona muka sayi iri da taki da maganin feshi. Kawuna yace kar in saki reshe in kama ganye, ban ji ba.

Wallahi Malam shinkafa tayi kyau, har ta fara fidda kai, ina ɗaukar hoto ina turo mata, sai kogin Haɗeja ya cika ya batse wajen watan Satumba ruwa ya shanye gonakin yankin gaba ɗaya, ranar da naje dubawa a kwalekwale aka kai ni, mai tuƙi ne ma ya nuna min yace nan ce gonarku, ruwa ne kawai shimfiɗe. Nasan wasu gidajensu suka rushe, wasu ƴan uwansu suka rasa, shi yasa nake jin nauyin kawo kukana ma.

Asarar kuɗin na haƙura da ita, yanzu ina bi gida gida ina yiwa yara lesin, muna samun na tuwo. Abin da ya hana ni barci shine zuciyata. Tun ranar ban sake yin istihara ba, in na ɗaga hannu sai wani abu yace min ai wancan karon ma haka kaji natsuwa. Ina sallah, na yarda da ƙaddara, amma ban san ko natsuwar nan daga Allah take ba ko son raina ne na lulluɓe da addu'a. Ita kuma baiwar Allah ko sau ɗaya bata taɓa ambaton gwal ɗin ba, ranar biki sai ta saka na roba ta fita tana murmushi, wannan yafi komai ci min rai.

Yanzu abokin nawa ya dawo, wai mu gwada noman rani tunda shi ruwa a hannunka yake, injin ban ruwa kawai, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur kaɗai sai ya cinye ribar mutum, kuma bashi zan ci. Matata tace inje, kawu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Malam mecece alamar istihara ta gaskiya, kuma in mutum yayi ta abu ya lalace, kuskurensa ne ko kuwa? Sannan ya zanyi in fuskanci matata da maganar gwal ɗin nan, dan har yau na kasa buɗe baki in ce mata tayi haƙuri.

Naka,
wani mai sauraro daga Kano