A Riƙa Duba Sitiyarin Ƙananan Jiragen Ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan sitiyarin ƙananan jiragen da ke zirga-zirga a kogin Rima da madatsar ruwan Goronyo, domin hankalin masu jirage yakan tafi ga inji, a manta da abin da ke juya jirgin.

A daminar bara na taya yayana sauya sitiyarin jirginsa, wanda waya ce ke haɗa shi da allon da ke cikin ruwa ta baya. Da muka zare wayar sai muka tarar tsatsa ta cinye ta daidai inda take lanƙwasawa, silinta sun tsintsinke har suna soke mana yatsu, alhali daga waje lafiya lau take. Mun cire ta gaba ɗaya, muka ɗaura sandar maɗaci kai tsaye a kan allon, irin yadda ake yi wa ƙananan jirage masu tafiya da iska. Sandar ta ci wurin zaman mutum ɗaya, amma a ganina ta fi, tunda laifinta ba ya ɓuya.

Ina kira ga hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙasa, wato NIWA, da sarakunan ruwa su sanya duba sitiyari cikin sharuɗɗan ɗaukar fasinja.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato