Ka gwada fito da kuɗinka tukuna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ka da kyau.

Ran da muka yi waya ka ce min ka zuba wani abu daga ajiyarka a wata manhajar jari, har ka turo min hoton fuskar wayarka, lambobi kore shar suna ta hawa. Na ji murna a muryarka, shi ya sa ban ce komai ba sai Allah ya sa albarka. Amma tun ranar maganar take min yawo a zuciya. Na zaɓi in rubuto maka ne don ka karanta a natse, ba tare da ka ji dole sai ka ba ni amsa nan take ba.

Kada ka ɗauka ina ganin wautarka. Waɗanda suka fi ni da kai sanin harkar kuɗi sun faɗa irin wannan ramin. Bernie Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, bankuna da gidauniyoyi suna rububin ba shi dukiyarsu. Da asirinsa ya tonu a Disamban 2008, takardun da yake aika wa mutane suna nuna kusan dala biliyan 65, alhali mafi yawansu tawada ce kawai a kan takarda. Aka yanke masa ɗaurin shekara 150.

Ka ce min suna ba da kashi 1 cikin 100 kullum. Na zauna na yi lissafi. In ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, a shekara guda abin da ka sa zai ninka kusan sau 38. To ka tambayi kanka, wanda yake da hanyar ninka kuɗi haka, me zai yi da ɗan abin da ke hannunka? Me ya kai shi biyan talla a Facebook da roƙon baƙi a Telegram? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan alkawarin BitConnect ya riƙa yi, da sunan wata manhaja mai cinikin kuɗin kirifto da kanta, kafin ya rufe a Janairun 2018.

Na san abin da za ka ce: ai sun biya ka sau biyu. Wannan biyan shi ya fi tayar min da hankali. A 1920, a birnin Boston, Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, yana cewa cinikin takardun gidan waya na ƙasa da ƙasa yake yi. Na farko sun karɓi kuɗinsu cif, suka koma gida suna yaba shi, suka dawo da 'yan'uwansu. Ba cinikin da yake yi, kuɗin waɗanda suka zo yau yake miƙa wa waɗanda suka zo jiya. Kafin shekarar ta ƙare komai ya rushe. Abin da suka turo maka tsaba ce aka watsa, kuma mai watsa tsaba ya san abin da yake jira.

Shi ya sa suke matsa maka ka kawo mutane, har da lada a kan kowane kai. In kowa sai ya kawo mutum 6, a hawa na 13 ana buƙatar sama da mutum biliyan 13, duniya kuwa gaba ɗayanta ba ta wuce biliyan 8 da ɗoriya ba. Abokin da ya shigar da kai ban ce macuci ba ne, mai yiwuwa shi ma ya yarda da abin har zuciyarsa. Amma ina roƙonka, kada ka shigar da ƙannenka ko abokan aikinka. Kuɗi in sun tafi ana iya neman wasu, zumuncin da ya ɓaci a kan kuɗi kuwa yana da wuyar ɗinkuwa.

Akwai kuma abin da ka faɗa kana alfahari, cewa tun da ka shiga ba a taɓa yin faɗuwa ko ta rana ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kasa kaya ya san ciniki yau riba ne gobe faɗuwa. Rashin faɗuwar nan ne ya sa wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, ya kai ƙarar Madoff ga hukuma tun shekarar 2000, ba a saurare shi ba. Su kuma lambobin da kake kallo a waya, mai manhajar ne yake rubuta su. Haka OneCoin ya yi: mutane a ƙasashe da dama suka zuba kimanin dala biliyan 4 suna kallon dukiyarsu tana ƙaruwa a kwamfuta, shugabar kamfanin, Ruja Ignatova, ta hau jirgi zuwa birnin Atina na ƙasar Girka a Oktoban 2017, har yau ana nemanta.

Ga abin da nake so ka yi, a wannan makon. Ka nemi fitar da kuɗinka duka, uwa da riba, ba ɗan gutsure ba. Kada ka gaya wa wanda suke kira mai ba ka shawara kafin ka yi. Sai ka zuba ido. In aka ce sai ka fara biyan haraji, ko kuɗin tantancewa, ko ka ƙara wani abu don a buɗe asusunka, to ka sami amsarka, kada ka tura ko sisi. Kamfanin gaskiya daga cikin kuɗinka yake cire haƙƙinsa, ba ya cewa ka kawo sabo kafin ya saki tsoho. In aka ce ana gyaran na'ura ne, a jira wata guda, ka tuna MMM, tsarin damfarar nan da ya shahara a Najeriya, shi ma wata guda ya ce wa mutane su jira a Disamban 2016.

Ka kuma duba sunan kamfanin a shafin hukumar da ke kula da harkar jari, ka rubuta adireshin hukumar da hannunka, kada ka bi wanda suka turo maka, don suna kwaikwayon shafuka da takardun lasisi. Ka duba inda ka tura kuɗin: asusun kamfani ne, ko na wani mutum da ba ka sani ba? Bidiyon da ka gani na wani attajiri yana tallata su, yanzu ana haɗa fuska da murya da kwamfuta. Lambar sirrin da banki ke turo maka kuwa, ba mai haƙƙin jin ta. Kuma duk wanda ya ce maka dama za ta rufe da daren nan, tsoro yake kada ka kwana ka yi tunani, ko ka yi shawara da wani.

In kuwa kuɗin sun maƙale, ka saurare ni da kyau, don nan ne mutane suka fi cutuwa. Kunya takan sa mutum ya yi shiru, ya ci bashi ya ƙara zubawa wai don ya ceto na farko. Daga baya wasu su kira shi, su ce lauyoyi ne ko jami'ai masu ƙwato kuɗin da aka damfara, a biya su somin-taɓi. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake riga, ko waɗanda suka sayi sunanka daga hannunsu. Kai dai ka adana hotunan hirarku da shaidar turawa, ka sanar da bankinka da hukuma ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ka kira ni. Ba zan yi maka faɗa ba, ba kuma zan kai maganar gaban kowa ba. Za mu zauna mu ga abin da ya saura da yadda za a yi.

Ina addu'a a ce ni ne na yi kuskure, kuɗinka su fito lafiya. Ko sun fito ko ba su fito ba, ina jiran kiranka kafin ƙarshen mako. Ka shafa min kan yaran. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka