Roƙon tallafi don horar da malaman ajin yara ƙanana a Garwa

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa na Garwa da waɗanda neman abinci ya kai Yawunde, Duwala ko Njamena.

Mu ne kwamitin iyayen yara da malamai na wata ƙaramar makarantar unguwa. Muna da aji biyu na 'yan shekara 4 da 5, da malamai mata huɗu. Uku daga cikinsu iyaye ne ke biyansu, kuma ba su taɓa shiga makarantar horar da malamai ta ENIEG ba. Haƙuri da son yara ne jarinsu, amma haƙuri yakan ƙare, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano.

Bara muna da wani yaro da kowa ya yanke wa hukuncin ƙiriniya. A ce a zauna, ya miƙe. A yi masa tsawa, ya ciji na kusa da shi, ya ruga gindin darbejiyar bakin ƙofa ya ƙi dawowa. Sai da kakarsa ta zo ta wuni a bayan aji aka gane matsalar: Hausa da Fulatanci yake ji, umarnin kuwa da Faransanci ake ba shi, ga shi yakan fito gida bai sha ko kunu ba. Malamar ta fara durƙusawa daidai tsayinsa, ta faɗa masa da Hausa sannan ta maimaita da Faransanci, ta kuma ɗora masa aikin raba allo. Cizon ya tsaya. Mu kanmu 'yan kwamiti mun ji kunya, don har mun fara shawarar a mayar da shi gida.

Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai da yawanmu bulala muke nufi. Dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu, 1998, a sashe na 35, ta hana dukan ɗalibai. To, an karɓe bulalar daga hannun malama, me aka ba ta a madadinta? Wannan giɓin muke son cikewa.

Muna so a babban hutu, kafin a koma a watan Satumba, mu ɗauko ƙwararriyar mai horarwa ta zauna da malamanmu mako biyu. Za su koyi tsara yini yadda yaro zai san abin da ke biye, sanar da yara kafin a sauya aiki, yabon wanda ya yi daidai nan take, da gane yunwa ko barci ko tsoro kafin su zama kuka da faɗa. Bayan an koma, za ta riƙa leƙo ajin sau ɗaya a wata.

Kuɗin na sallamar mai horarwa ne, da kuɗin mashin da abincin rana na malamai, da tabarmi da littattafan hoto. Ko sefa 500 ba mu raina ba. Mai gero ko sukari ya kawo, kunun safe ma yana cikin shirin. Ma'ajinmu na zama a makaranta kowace Asabar da safe, yana ba da rasit, na nesa kuma za su iya turowa ta Orange Money ko MTN MoMo. Za mu karanta lissafin duka a taron iyaye na farkon zango.

Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Kwamitin iyayen yara da malamai