A riƙa tambayar dangin uwa kafin a kai yaro kaciya

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku kan sikila, Allah ya saka da alheri, amma don Allah ku ware mana wani shirin kan yaran da jininsu baya tsayawa, musamman masu cutar himofiliya, don mu sai da muka kusa rasa ɗa sannan muka san sunan abin.

Yarona tun da ya fara rarrafe gwiwarsa ke kumbura tayi zafi rau, jikinsa duk tabo baƙi-baƙi kamar wanda aka mintsina. Kakarsa tace targaɗe ne aka kai shi wajen mai ɗori, wasu suka ce sikila ce alhali ni AA ce. Ranar kaciya kuwa tun hantsi jini ke ɗiga har bayan isha'i, zani biyu na canza, an barbaɗa wannan an ɗaura wancan duk a banza, sai da aka ƙara masa jini a asibitin koyarwa. A nan likitar ta min tambayar da ba wanda ya taɓa min, tace a danginku na uwa akwai namijin da ya rasu bayan kaciya? Wallahi sai jikina yayi sanyi, don ƙanen mahaifiyata haka ya tafi, kuma har yau a gida maita ake cewa.

Himofiliya ce. Sinadarin da ke sa jini ya daskare ne yayi ƙaranci, in fakta 8 ne ita ce A wadda tafi yawa, in fakta 9 ne ita ce B, da ido ba'a banbance su sai an auna, kuma allurar kowacce daban. Maza take kamawa galibi, ta wajen uwa take biyowa, duk da akwai wanda ake haifa da ita ba kowa a dangi. Ita jinin cikin gaɓa da tsoka yake taruwa, shi yasa ake ruɗa ta da sikila.

Amma fa ba kowane zubar jini bane himofiliya, kuma nan ne iyaye ke rikicewa. Yaron da haɓo ya dame shi, dasashi na jini in ya goge baki, mace ko namiji, likita yafi zargin wata cutar zubar jini da ake kira von Willebrand, wadda ma tafi himofiliya yawa, kuma ƴan mata da yawa sai sun fara al'ada jinin yaƙi ɗaukewa ake ganewa. Akwai kuma zubar jinin da ke zuwa daga matsalar filatilet, wato ƙwayoyin jini masu toshe bakin ciwo, da sai yaro ya gado daga uwa da uba duka, irinsa yafi fitowa a auren zumunci. Jaririn da cibiyarsa ke jini kuwa sau da yawa rashin bitamin K ne ba gado ba, allura ɗaya ranar haihuwa ke kare shi, duk da haka a kai a duba.

Edita ku gayyato likitan jini, ku haɗa shi da wanzamai da ungozoma a situdiyo, su ne ke fara taɓa yaranmu da aska wajen cire beli da kaciya. A faɗa wa iyaye kar su ba irin yaran nan asfirin ko ibufurofen, kuma a guji allurar tsoka sai da sanin likitan jini. Ranar 17 ga Afrilu ce ranar himofiliya ta duniya, in kun sa shirin ranar ni zan kira waya in bada labarin nawa da bakina.

Nagode,
Wata uwa daga Zariya