Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Bargar Masarautar Ingila

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Royal Mews, Fadar Buckingham, Landan.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa yadda kuke kula da karusan masarauta da dawakin da ke jansu, da kuma yadda kuka buɗe ƙofar wannan gida, wanda John Nash ya tsara aka kammala a 1825, ga duk mai son gani da idonsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai lokacin ziyarata shi ne Karusar Zinariya, wadda aka ba da umarnin ƙera ta a 1760, farkon mulkin Sarki George na Uku, aka gama ta a 1762. William Chambers ne ya zana ta, aka haɗa ta a masana'antar Samuel Butler, Joseph Wilton ya yi sassaƙar siffofin da ke jikinta, shi kuma Giovanni Cipriani ya yi zanen bangwayenta. Mutane da yawa suna zaton zinariya ce zalla, alhali itace ne aka sassaƙa aka lulluɓe shi da siraran ganyen zinariya, kuma a ganina wannan ne ma ya ƙara mata daraja, domin itace yana tsagewa, yana shan danshi, ba ya kai shekara fiye da 260 sai da hannun da ke duba shi ba dare ba rana. Nauyinta ya kai tan 4, tsawonta kimanin mita 7, shi ya sa sai dawaki 8 ke iya janta, su ma a tafiyar ƙasaita ba sukuwa, yayin da wasu barori ke bin ta a ƙasa suna lura da birki.

Na ji daɗi ƙwarai da ma'aikacin da ya yi mana bayani bai ɓoye wahalar hawanta ba. Gangar jikin karusar a rataye take a kan manyan ɗamarun fata, saboda haka takan yi ta lilo gaba da baya da gefe da gefe, har Sarki William na Huɗu, wanda tsohon sojan ruwa ne, ya kwatanta zama a cikinta da jirgin da igiyar teku ke wasa da shi. Duk da haka ita ake fitarwa a kowane bikin naɗin sarauta tun daga 1831, kuma ita ce ta dawo da Sarki Charles na Uku daga majami'ar Westminster ranar 6 ga Mayun 2023. Zuwa wurin bikin kuwa ya tafi ne a karusar da Jim Frecklington ya ƙera a Ostireliya, wadda aka fara amfani da ita a 2014, mai tagogin lantarki da na'urar rage girgiza, wadda kambin da ke samanta an sassaƙa shi ne daga katakon tsohon jirgin yaƙin nan HMS Victory.

Godiyata ta musamman tana ga waɗanda ba a cika ganinsu a talabijin ba, wato masu ɗinkin fata da gyaran kayan doki, da masu shafa zinariya, da masu horar da dawaki har su saba da ƙarar ganga da ihun taro. Ni da na tashi a ƙasar da ake hawan sallah, na san cewa kwalliyar da jama'a ke kallo a rana ɗaya aikin watanni ne na dukawa da maƙera da masu kula da barga, kuma na san yadda sana'a ke mutuwa idan magada suka ƙare. Ku ba ku mayar da waɗannan karusai kayan tarihi na kallo kawai ba, har yanzu kuna ɗaura musu dawaki kuna fita da su, a buɗe majalisar dokoki, a kai sababbin jakadu su miƙa takardunsu, a tarbi shugabannin ƙasashe, kamar yadda aka tarbi Shugaba Shehu Shagari a ziyararsa ta 1981. Wannan amfani na yau da kullum ne ya sa dole a ci gaba da koya wa matasa aikin.

Ina roƙonku da ku ƙara bai wa masu ziyara damar ganin masu gyaran suna bakin aiki, ko da sau ɗaya ne a mako, domin akwai masu sana'a daga ƙasashenmu da za su amfana sosai da ganin yadda kuke ciyar da tsohuwar fata da mai don kada ta bushe ta tsage.

Allah Ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani maziyarci daga Kano